Ranar da Muka Ba Motar Bature Soyayyen Mai

Bara da damina wata mota ta mutu a bakin rafin ƙauyenmu, kan hanyar da ta tashi daga Tudun Wada zuwa Falgore. Ba irin manyan motocin da ke kwasar gyaɗa ba ce. Ja ce, ba rufi, kujera biyu kacal, kuma ta yi ƙasa-ƙasa har kaza ma sai ta sunkuya kafin ta shiga ƙarƙashinta. Mai ita Baturen gandun daji ne, dogo, in ya zauna a ciki gwiwoyinsa na gaisawa da kunnuwansa.

Yana jin Hausa, sai dai ta hanci take fitowa. Ya bayyana wa mai unguwa cewa dutse ya daki cikin motar, notin da ke toshe gindin akwatin giya ya fice, man ciki ya tsiyaye. Wai giya haƙoran ƙarfe ne da ke cizon juna, in ba mai sai su cinye kansu. Har ya ɗaga dardumar da ke gefen sandar giya ya nuna mana ramin da ake zuba man. Daga nan ya ari keken mai unguwa ya nufi Tudun Wada neman mai wurin direbobi.

To, ina da kawu, yayan innata. Tun da ya dawo cin rani daga Kano ba shi da hira sai ta gareji. A bakinsa ya kwance motoci fiye da yawan shanun Falgore, wata ma ido rufe ya ɗaura ta. Saboda haka ake matsa masa a tsakiyar tabarma, shi ake fara miƙa wa goro. Inna ce ta taɓa raɗa mini cewa aikinsa a garejin shara ne da korar awaki. Ranar da gari ya ji wannan, Kawu ya bar tabarma ke nan har abada.

Ina ganin Bature ya ɓace sai na ɗaga murya na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, baƙo zai sha wahalar hanya ga Kawu a gari?"

Mai unguwa ya ce wallahi yaron nan ya yi tunani. Kawu ya yi mini kallon da in da ƙarfe ne ni da na narke. Ya ce ba sifana, aka kawo awartaki daga maƙera. Ya ce ba noti, mai unguwa ya ce ai ko tulu ya huje toshe shi ake yi. Ya ce to ba man giya. Mai unguwa ya tambaye shi bambancin man giya da man gyaɗa, jama'a suka zuba ido. Kawu ya ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, zaman birni ne kawai ya sa wancan ya yi duhu.

Ni aka tura ƙarƙashin motar, don ni kaɗai ne siririn da zai shiga. Na kwanta cikin taɓo na lalubo hujin, Kawu ya feƙe guntun ƙirya, muka naɗe da tsumma, na buga shi da dutse, na liƙe da ƙaro. Kawu na tsaye yana ba da umarni da wani Turanci da ko Baturen ba zai gane ba.

Saura mai. Muka je wurin Inna, wadda ƙuli-ƙuli ne sana'arta. Da ta ji na baƙo ne sai ta ɗora kasko a wuta ta jawo albasa. Kawu ya ce ta bari, mota za a ba.

Ta ce, "Yaya, a gidan nan ba a taɓa ba baƙo ɗanyen mai ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Ya je Kano ya ce matan garinmu ba su iya soya mai ba?"

Ta soya shi har albasar ta yi ja, ta barbaɗa gishiri. Kawu ya roƙa a tace, ta ce in an cire albasar me ya rage. Haka muka ɗauko kwano cike, muka sa ƙahon saniya a ramin muka ɗura. Kawu ya kara kunne a jikin motar ya ce tana sha.

Da la'asar Bature ya dawo hannu wofi, taɓo har wuya. Mai unguwa ya yi masa albishir an gama aiki. Ya shaƙi iska, ya tambaya ko wani na girki a kusa. Ya ɗaga darduma, ya tsoma yatsa a ramin, ya fito da zaren albasa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dubi gabas, inda hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya dubi motarsa marar rufi, ya shiga ya tayar.

Kawu ya kama kafaɗata har na ji ƙashina na ƙara. Bature ya tura sandar giya, ta yi gurnani, ta shige. Mota ta motsa. Tana ɗumama sai ƙamshi ya cika gari kamar ranar suna. Karnuka suka bi ta, yara suka bi karnuka, wata tsohuwa ta fito da kwano tana tambaya ina ake rabo. Kawu kuwa leɓensa kawai ke motsi, addu'a yake motar ta wuce tsamiyar da ke kan kwana, inda ido ba ya kaiwa. Ta wuce.

Bayan kasuwa biyu ko uku wani falke ya kawo labarin cewa toshin ya faɗi a kusa da Bebeji, sai babbar mota ce ta ja ta zuwa Kano, inda makanikai suka yini suna tsinto albasa daga haƙoran giya. Kowa a tabarma ya juyo ya dubi Kawu. Kawu ya karɓi goronsa na farko, ya ɓare, ya tauna a hankali.

Ya ce, "Gyarana ya kai ta Bebeji. Daga can kuma ƙasar wani makanikin ce."