Wankan Gawar Mawaƙin Biki

Sana'ata ɗinki ce, a wani ɗan shago a unguwar Balad. Amma abin da Hausawan Jidda suka fi sanina da shi, shi ne wankan gawa. Kawuna ne ya koya mini. Aiki ne mai tsari: mai wanka, mai zuba ruwa, da mai taya juyawa. Ban taɓa rasa mataimaka ba sai sau ɗaya, a shekarun da kaset ke tashe.

Akwai wani ɗan daudu a cikinmu, mawaƙin biki. Daga Balad har Madain Fahd, bikin da bai je ba ba a kiransa biki. Yakan yafa gyale a kan jallabiya, ya sa lalle, ya karya murya, mata na kiransa ƙawarsu. Kasetinsa ya kai Kano da Damagaram a jakunkunan alhazai. Ni ban yarda da rayuwarsa ba, kuma na faɗa masa ido da ido ranar da ya kawo mini gyaran riga. Dariya ya yi, ya ce, "Na ji, Malam. Kai dai ka sassauta mini hammatar nan, ta shaƙe ni."

Ya yi doguwar jinya, ya rasu da asuba a ɗakin da yake haya. Da hantsi wata tsohuwa mai sayar da abinci, wadda ta yi jinyarsa, ta zo shagona.

"Malam, mawaƙinmu ya cika," ta ce. "Kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya yi takardu, ya ce a kai shi da la'asar. Mu kuwa mata ne, ba mu da ikon taɓa shi."

Na rufe shago, na fita neman mutum biyu.

Na fara da maƙwabcina, direban tasi. Na same shi a mota, muryar mamacin na tashi a rediyonsa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya rage murya.

"Haba Malam! Ni? Gobe da wane ido zan zauna a majalisa? Amma shigo, in kai ka duk inda za ka."

Ya kai ni unguwar Safa, gidan wani alhaji ɗan kasuwa wanda mawaƙin ya yi bikin 'ya'yansa mata duka. Na tarar da shi da baƙi suna shan shayi.

"Allah ya jiƙansa," in ji alhajin. "Likkafani na ɗauka. Wankan kuwa, a bar wa ƙawayensa mana, ai su suka saba."

"Alhaji, mace ba ta wanke namiji."

"To, namijin ne?" in ji wani daga cikin baƙin. Aka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

"Shi ke nan, Malam," alhajin ya ce, "ka san yadda garin nan yake."

Daga nan na nemi abokansa 'yan daudu. Yawancinsu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma gidan mutuwa wuri ne da hukuma ke leƙawa. Duk ƙofar da na buga, shiru.

Na isa gidan da mamacin yake haya bayan azahar, zafi ya yi tsanani, gawa kuma ba ta jira. Mata sun cika matattakala, suna kuka ƙasa-ƙasa. A bakin ƙofa akwai mai gadin ginin, wani dattijo ɗan Yaman da bai daɗe da kama aiki ba. Bai taɓa jin waƙar mamacin ba, bai ma jin Hausa. Na yi masa bayani da Larabci. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ce, "Yalla," wato mu je.

Mu biyu muka yi aikin mutum uku. Da fari na rufe al'aura, na yi masa tsarki. Sannan alwala. Sannan gefen dama, sannan na hagu, da ruwan magarya. Juyawar ba ta ba mu wahala ba, ciwo ya cinye shi. Da muka zo ƙafafu, ga sauran lalle a tafinsu, ya koɗe amma yana nan. Dattijon ya duba, ya ƙara ruwa, ya sake ƙarawa.

"Ya isa," na ce masa. "Ba ya fita."

Bai tambaye ni komai ba. Muka gama da kafur, muka sa shi a likkafani.

Bayan sallar la'asar liman ya yi shelar sallar jana'iza. Sahu ya cika da Indiyawa, Misirawa da 'yan gari, mutanen da ba su san ko wane ne ba. Su ne suka riƙa karɓar makara kafaɗa bayan kafaɗa har maƙabarta. Na duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe ni kaɗai ne.

Da na dawo, matan na nan inda na bar su, don mata ba sa bin gawa. Tsohuwar ta miƙe da ƙyar.

"Malam, mutanenmu sun zo?"

"Masallaci ya cika, Hajiya."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta koma ta zauna a matattakala.