Ranar da Sakkwatanci Ya Dawo Min da 'Yata

Akwai wata ranar Asabar da ba na jin za ta fita daga raina ko da tsufa ya kwashe sauran. Amma kafin in kai gare ta, sai na faɗi damuwar da nake ɗauke da ita tun komai bai faru ba. Ba damuwar ci ko sha ba ce. Bakina ne. Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Sakkwato, aure ya kawo ni Kaduna, unguwar Badarawa, gidan haya mai ɗaki shida da famfo ɗaya. Bokona bai wuce aji huɗu ba, sai allo. Maigidana ma can aka haife shi, amma ya daɗe yana aikin gwamnati a nan, harshensa ya goge. Sai in ya yi fushi ko yana waya da mahaifiyarsa Sakkwatancin yake dawowa.

Sati biyu da zuwana, matar ɗakin da ke kallon namu ta kira ni cin abinci. Ma'aikaciyar ofis ce, kowa Anti yake ce mata. Ta zuba min shinkafa, ta ɗora ɗanyen kabeji da latas a gefe, da wani farin abu a kai. Na duba, na sake dubawa, na ce, "Mi na na? Ni ba ni cin ɗanyen haki." Wato mene ne wannan, ba na cin ɗanyar ciyawa. Tsakani da Allah tambaya na yi. Anti ta ajiye cokali, ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, ta tashi ta sha ruwa, ta ce in sake faɗa. Na sake faɗa, don a garinmu in babba ya ce ka maimaita, maimaitawa kake yi.

Daga ranar sunana ya ɓace, na zama Mi-na-na. Allah ya yi wa Anti baiwar kwaikwayo. Tana yin Kanawa, tana yin Katsinawa, tana yin Zagezagi, amma a gidan suna da gidan biki nawa ake roƙo. In za a yi adalci, ta iya. Ranar farko da na jiyo ta a bayan katanga, na ɗauka ƙanwar mahaifiyata ce ta zo ba sanarwa, har na fara gyara ɗankwali. Kuma ba muguwa ba ce. Ita ta kai ni asibiti da naƙuda ta tashi, ita ta yi wa jaririyar wankan farko. Tana yi min alheri da safe, da yamma ta tafi ta yi ni a gidan mutane.

Sai na koyi yin shiru. A kasuwa da yatsa nake sayen tumatir. In ina wanki ina gwaji a hankali: lafiya, ba lahiya ba, e, ba awo ba. A kwana a tashi na mallaki murya biyu, ta ɗaki da ta waje. Ta wajen ba ta da daɗi ko a kunnena, kamar mai tafiya da takalmin aro, amma ba a yi mata dariya sosai.

Da 'yata ta fara magana, ta ɗakin ta ɗauka. Nan hankalina ya tashi. Ina ganin ranar da za ta shiga makaranta ta buɗe baki, yara su raɗa mata suna irin nawa. Na shiga gyara. Ta ce Inna, in ce Momi. Ta ce tahi, in ce tafi. Da muryar waje nake gyaran, wani lokaci har in ɗalle mata baki. Yarinya ta gane abu ɗaya: duk sanda ta ji wannan muryar, to ta rufe baki. Ni kuwa na ɗauka ci gaba ake samu.

Ranar Asabar ɗin tana da shekara uku da 'yan watanni. Ina wanki a tsakar gida, tana ƙofar gida tare da yara. Ana biki a layin bayanmu, ina jin guɗa da ƙarar motoci, ban kawo komai a raina ba. Na gama shanya na leƙa, yara na nan, ban da ita. Na duba ɗakuna shida, na duba bayi, na duba har cikin randa, ban san dalili ba. Na fita layi ina tambaya, "Ba ku ga wata yarinya ba?" A ce yaya sunanta, in tsaya. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, kuma ko a wannan halin kunya ba ta sake ni ba. Anti ce ta bar tukunya a kan wuta, ta yafa gyale a baibai, ta bi ni gida gida tana faɗin sunan da launin rigar.

Bayan azahar aka yi cigiya a lasifikar masallaci. Wani ya ce kamar ya ga yarinya a wata mota da ta nufi Kawo, maigida ya hau babur ya bi, har Rigachikun ya kai yana tsayar da mutane. Ni dai na tsaya a gida. Na zauna a bakin kwalbatin ƙofar gida, mata sun kewaye ni, kowa da irin labarin da take ganin zai kwantar min da hankali. Babu wanda ya kwantar.

Gab da la'asar wayar Anti ta yi ƙara. Wata Hajiya ce babba a ofishinsu, mai gida a Unguwar Kanawa, irin matan da ba sa buƙatar lasifika. Duk muna jin ta.

"Ke, matar nan da kike kwaikwaya, Mi-na-na, da gaske akwai ta ko ƙirƙira kika yi?"

Anti ta dube ni ta dubi ƙasa. "Hajiya, don Allah ba yanzu ba, muna cikin tashin hankali."

"Amsa min dai. Tana da 'ya?"

Ashe motar dangin ango ce ta zo ɗaukar mata daga gidan bikin bayanmu, yara suka yi ta cusa kai, tawa ta bi su. Kowace mace ta ɗauka 'yar ta kusa da ita ce. A can gidan Hajiya, inda dangin ango ke taro, aka sauke su. Sai da mutane suka fara raguwa aka ga yarinya a lungu ba mai ita. An tambaye ta sunanta, shiru. Sunan babanta, shiru. Unguwarsu, shiru. Kowa da muryar Kaduna yake tambayar, ita kuwa ta san abin da ake yi in an ji wannan muryar. Har an yanke cewa bebiya ce, ana shirin kai ta gidan mai unguwa. Sai wata ta ce a ba ta abinci tukuna. Aka ajiye mata shinkafa da kabeji a gefe. Hajiya ta ce yarinyar ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Mi na na? Ni ba ni cin haki." Rabin matan ɗakin sun taɓa kallon wasan Anti. Ɗaki ya ɗauka da dariya.

"Ki ba uwar wayar," in ji Hajiya. "Ni ba na miƙa 'yar mutane sai na ji ta amsa."

Na karɓi waya. Mata sun fi goma a kaina. Har yau ina mamakin kaina, amma ko a wannan lokacin muryar waje na ɗauko. Na ce, "Halo, Momi ce. Kina lafiya? Yi magana mana."

Shiru.

Hajiya ta ce, "To fa. Ta sa hannu biyu ta toshe baki. Anya ke ce uwarta?"

Anti ta dafa kafaɗata ta ce, "Ƙanwata, yi mata maganarki ta gaskiya. In ba haka ba wallahi ni zan yi."

Na san za ta iya, kuma na san yarinyar za ta amsa mata. Wannan ne ya fi komai tsorata ni. Na buɗe baki yadda uwata ta buɗe min shi, na ce, "Ke wagga ɗiya, ni ta, Inna. Ina kit tahi? Mi kic ci?"

Sai na ji ƙara daga cikin wayar: "Inna! Haki sunka ba ni!"

Ba wadda ta yi dariya a bakin kwalbatin nan. Sannan wata tsohuwa ta ce, "Ai kuwa gaskiyarta, ciyawa ce," ni ce kuma na fara dariyar, hawaye na zuba.

Muka hau keke mai ƙafa uku ni da Anti. Muka same ta a cinyar Hajiya tana cin nama, an ture kabejin can gefen faranti. Ta gan ni ba ta ma yi kuka ba, ta nuna min farantin don in ga abin da aka yi mata. Maigida ya iso daga baya yana godiya, Sakkwatanci zalla yake zubawa tun daga ƙofa, ba wanda ya kwaikwaye shi. Na lura maza ba a cika yi musu ba. Kafin mu fito matan suka roƙe ni in faɗi maganar nan da bakina, wai suna son su ji ta asali. Na faɗa. Wata ta ce ta Anti ta fi.

A hanyar dawowa Anti ta ce in yafe mata. Na ce na yafe, amma tana jan ƙarshen maganar da yawa, mu ba ma ja haka. Na gyara mata a cikin keken. Har yanzu tana yi a gidan biki, sai dai yanzu daidai take yi, wani lokacin ma ina zaune.

Ba ina cewa yi wa mutum dariya abu ne mai kyau ba. Na sha kuka a kansa, ba sau ɗaya ba. Abin da na gane shi ne, wata shida na yi ina ƙoƙarin goge alama guda ɗaya da 'yata take da ita. Da na yi nasara, da ranar nan ta zama yarinya mai jar riga a cikin dubban yaran Kaduna, ba wanda zai san inda za a buga waya. Yanzu tana aji shida, tana Hausar Kaduna da ƙawayenta, tana Turanci da malamanta, in ta shigo ɗaki ta ce, "Inna, mi kid dahwa?" Ban sake gyara mata ba.

Roƙona ga duk uwar da ta karanta wannan: in ɗanki ya ɗauko maganar garinku, kada ki ɗalle masa baki, ki bar masa abinsa. Kuma ki daure ki koya masa sunan ubansa da sunan unguwarku, ko da sai kin rufe fuska kafin ki faɗa.