Idon Inna da Duwatsun Shenandoah

Mun tashi da asuba daga Laurel, garin da muke zaune a nan ƙasar waje, ni da maiɗakina da Inna, sanyin Oktoba yana cizon kunne. A Annandale bas ɗin da jama'ar masallacinmu suka yi shata yake jira, zai kai mu yawon yini guda a kan duwatsun Shenandoah. In faɗi gaskiya, ni ba duwatsu ne suka fito da ni ba, saboda Inna na yanki tikitin nan.

Tun damina ta zo daga Gombe don a cire mata yanar ido. An yi na dama lafiya lau, saura na hagu, wanda ya kusa rufewa, likita kuma ya ce kada a ja lokaci. Kwanakin farko har zare take zurawa a allura tana dariya. Sai kawai ta sauya. Ta daina zama bakin taga, ta mayar da baƙin gilashin da aka ce ta ajiye, ta aiko maiɗakina cewa ba za a taɓa ɗaya idon ba, a mayar da ita gida. Dalili kuwa babu. Ga shi ni ɗan fari ne, kuma wanda ya san irin gidajenmu ya san abin da nake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duban tsabar idona, in tana da magana da ni sai ta ce "a gaya wa mai gidan nan", ko da ina zaune a gabanta. Na ɗauka kewar gida ce da zaman ɗaki, na ce bari a fita da ita ta sha iska ko ta sauko.

Bas ɗin ya cika da mutanenmu. Ga likitoci da injiniyoyi sun ɗora rigunan sanyi a kan kaftani, ga 'yan Nijar suna ta kiran motar "kar", ga 'yan Gana da kuloli kamar masu tafiyar wata guda. Inna ba za ta zauna kusa da ni ba, wannan sananne ne. Kafin maiɗakina ta gama ajiye kaya, wata dattijuwa 'yar Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a Springfield, ta riga ta zauna gefenta. Hausar mutanen Kumasi ba ruwanta da mace ko namiji. Da ta ce, "Hajiya, ka kwana lafiya?" sai da Inna ta waiwaya tana neman namijin da ake gaisarwa.

Muka kama babbar hanya mai lamba sittin da shida muka yi yamma. Wannan hanyar a ranar aiki azaba ce, amma da safiyar Asabar fayau take. Bayan Manassas gine-gine suka fara janyewa, gonaki suka buɗe, ga dawaki a tsaye an lulluɓe su da barguna, ga ciyawa an naɗe ta dunƙule-dunƙule a fili ba mai gadi. A Front Royal muka tsaya. Tuffa a wurin ta fi ta kantunan gari araha da zaƙi, kowa ya cika leda. Aka yi ta gardama a kan ruwan tuffa da ake sayarwa da zafinsa, ko yana bugarwa, har sai da direbanmu ya rantse da kakarsa cewa wannan na yara ne.

Daga nan hawa ya fara. Hanyar saman dutsen siririya ce, kwana kan kwana, bas yana tafiya kamar mai jin tsoro. Ta hannu ɗaya bangon dutse, ta ɗaya hannun rami ne da ba a ganin ƙarshensa, tsakaninmu da shi 'yar katangar da ba ta wuce gwiwa ba. Kunnuwa suka toshe, hira ta mutu, mata suka koma salati. Muka shiga wani farin gajimare da ya rufe komai, can kuma muka fito ta samansa rana tana haskawa. Nan fa bas ya rikice da "Masha Allah", kowa ya manna waya a gilashi. Duwatsu ne bayan duwatsu har iyakar ganin ido, na nesa shuɗi-shuɗi, na kusa kuwa itatuwansu sun rine, ja da rawaya da ruwan goro. Na leƙa kujerar Inna. Kanta a sunkuye yake, gilashin nan a fuska, tana jan carbi da sauri. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, sannan tsoro ya kama ni, don na tabbata abin ya wuce kewar gida.

A wani fili da aka tanada don masu kallo direba ya tsaya, muka sauka. Iskar wurin tana ratsa riga. Can ƙasa kogi yana lanƙwasa a cikin kwari, gidaje kamar ƙwayar masara. Inna ta ce ba za ta sauka ba, 'yar Kumasi ta ce ita ma ƙafarta na ciwo, muka bar su a mota. Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe kuloli: masa, dambun nama, kilishin Yamai, da wake da shinkafar 'yan Gana mai baƙin yaji da ya sa wani babban likita hawaye. Da azahar ta yi, wayoyi uku suka nuna alƙibla uku, sai da wani tsoho ɗan Maraɗi ya dubi rana ya raba gardamar. Na ci abin da na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Muna naɗe tabarmi sai ga 'yar Kumasi ta sauko riƙe da hannun Inna. Ta yafito ni da maiɗakina, ta zayyana mana abin da Inna ta faɗa mata. Ashe bayan aikin ido da 'yan makonni, itacen da ke ƙofar gidanmu ya fara yi mata ja daga sama. Kullum jan yana ƙaruwa, har ya kama itatuwan layin. Inna ta san ganye ya bushe ya zube, amma tunda take ba ta taɓa ganin ɗanyen itace ya koma kamar jini ba. Sai ta yanke cewa jini ne ke tsatsafowa a idon da aka yi wa aiki. Ta ƙi faɗa saboda ta ga irin wahalar da aka sha, kuma da wane baki za ta gaya wa ɗan fari ƙoƙarinsa ya lalace? Ta hana a taɓa na hagu ne don ko inuwa-inuwa ta rage mata ta ganin buta. Yau da muka fito daga gajimare ta ga duniya duka ta yi ja, ta ce shi ke nan, idon ya tafi. Duk hayaniyar da aka yi a bas, ba wanda ya ambaci launi, kuma ni kallon duwatsu na ce mata za mu je.

'Yar Kumasi ta tsinci ganye ɗaya ta danƙa mata, ta ce ja ne wur, kowa ma haka yake gani. Maiɗakina ta ce ja ne. Matan da suka taru suka ce ja ne. Inna tana ta juya ganyen, da gani ta ɗauka lallashinta ake yi. Sai ta cire gilashin, ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata.

"Kai ma ja kake gani?"

Na ce, "Ja nake gani, Inna. Haka suke yi duk shekara, su zube, in sanyi ya wuce su toho kore shar."

Ta taka a hankali har bakin katangar, ta daɗe a tsaye iska tana kaɗa mayafinta. Ta ce ikon Allah. Can ta fara nuna abubuwa, wani farin gida a kwari, shanu a gefen kogi, shaho yana shawagi a ƙasa da mu. Sannan faɗa ya tashi, ba da ni ba, da iska: wai mutanen gidan nan sun iya koya wa baƙo kunna murhu da famfon ruwan zafi, amma ba mai gaya masa itatuwan garin suna sauya tufafi. 'Yar Kumasi ta yi dariya har da riƙe ciki.

A hanyar saukowa Inna ta karɓi kujerar taga. Ita ta fara hango barewa biyu a bakin hanya, kafin masu wayoyi su farga sun shige daji. Cunkoso ya kama mu kusa da gari, muka iso Laurel wayoyinmu na kiran magariba.

Na daɗe a ƙasar nan har jan ganye ya zame mini ba komai ba, shara ce kawai da zan kwashe a ƙofar gida. Tafiyar nan ta nuna mini cewa abin da ka saba da shi har ka daina gani, shi ne zai iya hana baƙonka barci, musamman baƙon da kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Da muka fito daga mota Inna ta tsaya ƙarƙashin itacen nan, ta ɗaga kai tana dubansa da sauran hasken da ya rage. Ina tsaye a gefenta da ledar tuffa a hannu, ta juya wajen maiɗakina.

"A gaya wa mai gidan nan ya nemi likitan, a yi ɗayan kafin ganyen ya gama zuba."