Moɗar da ke Bayan Randa

Ina aji uku a sakandare na aro wani littafin Turanci, labarin wata ƙasa da baƙaƙen fata ba sa shan ruwa a famfon Turawa. Kakata Hajiya ido ya yi rauni, amma kunne garau, ga son labari kamar me. Bayan la'asar sai in zauna bakin tabarmarta a gidanmu na Azare, ina karantawa ina juya mata da Hausa.

Ranar da muka zo inda aka mari wata yarinya don ta kai baki famfon, Hajiya har da ajiye carbi.

"Kai, Allah wadai! Ruwan ma? Ruwan Allah?"

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama. Wata dattijuwa ce mai kawo mana busasshen kifi daga Katagum, wadda aka ce kakanninta bayin kakanninmu ne. Ta durƙusa ta kwashi gaisuwa, gumi sharkaf.

"Ke, ba ta ruwa," in ji Hajiya.

Na miƙe na nufi randa. Matar nan moɗarta daban ce, wata tsohuwar moɗa a rataye jikin ƙusa bayan randa. Tun tasowata nake miƙa mata ita, sai yau na gane abin da nake miƙawa. Na yi tunanin ba ta ruwa da moɗar gida. In ran Hajiya ya ɓaci, ni faɗa zan sha ya wuce, matar kuwa za ta iya rasa gidan da ya fi saya mata kifi.

Na ɗebo da moɗar gida, na kawo mata.

"Ga shi, Inna."

Ta dubi moɗar, ta dubi Hajiya. Wallahi tsoron da ke idonta ya fi nawa. Hajiya ta ɗauki carbi tana ta ja kamar ba ta wurin. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta kurɓa, ta miƙo mini da sauri.

Aka yi ciniki lafiya, ta tafi. Na ce a raina littafi ya yi aiki.

Sai Hajiya ta ce, "Moɗar nan da kika ba ta, rataye ta can tare da ɗayar. Gobe a sayo mana wata." Ta gyara zama. "To, ci gaba. Yarinyar nan sun bar ta ta sha kuwa? Tausayinta ya hana ni sakat."