Kazar da Ba Mu Ci Ba a Greensboro

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Richmond, mu mata uku da mijin ɗayarmu yana tuƙi. Bayan motar cike da barguna, rigunan sanyi, shinkafa da man girki, abin da matan masallacinmu suka tara. Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ke zaune a Greensboro ce ta kawo mana kukan: sanyin bana ya fasa bututun ruwa a wani tsohon gini da 'yan gudun hijira daga tsaunukan Vietnam suke haya, ruwa ya jiƙa musu katifu da tufafi, yawancinsu kuma tsofaffi ne.

Hanya lafiya lau, itatuwa dama da hagu duk sun zubar da ganye. A wani gidan mai na sayi shayi, ruwan ɗumi ne da aka nuna wa ganyen shayi daga nesa, amma tsadarsa kamar da nama a ciki. Tun a nan direbanmu ya fara duba agogo, don yana da aikin yamma.

Hajiya ta tare mu a garin McLeansville, ta shige gaba muna binta, muka ratsa titin Elm Street har wajejen unguwar Glenwood, inda ƙananan tsofaffin gidaje suke jere, ɗalibai na wucewa a kan keke. Ginin kuwa tun daga ƙofa warin danshi ya tare mu, ga katifu an jingina a bango suna ɗiga. Mutanen masu kunya ne ƙwarai. Da hannu biyu suke karɓar bargo, su sunkuyar da kai, kamar yadda muke yi wa manya a gida.

Muna shirin tafiya wata tsohuwa mai dogara sanda ta kama hannuna ta ja mu ɗakinta. Ta shimfiɗa tabarma, ga shinkafa na tururi, ga kaza da citta da wani ganye mai ƙamshi. Ba ta jin Turanci, ba ma jin yarenta. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata ta raɗa mini, "Anti, ba mu san yankan ba fa." A waje direba ya danna hon. Na dafa ƙirji, na shafa ciki alamar mun ƙoshi. Tsohuwar ta yi murmushi, ta mayar da murfin tukunya a hankali, ta rako mu har mota.

Mun yi nisa sosai sai ga wayar Hajiya.

"Ei, Anti! Ashe ba ku ci abincin tsohuwa ba? Da 'yarta muke aiki. Ita ta tambaye ni inda Musulmi ke sayen nama. Jiya tsohuwar nan da sandarta ta hau bas har shagon halal. Tukunyar ma tawa ce ta ara. Ni ina can wajen rabon shinkafa, na manta ban gaya muku ba."

Na ce a juya. Direba ya ce, "Anti, wallahi in na makara yau, aikin ya tafi." Babu wadda ta ga laifinsa.

Bayan la'asar muka iso gida lafiya. Barguna sun isa hannun masu buƙata, alhamdu lillahi. Amma tafiyar nan ta nuna mini cewa mun shirya bayarwa tsaf, ba mu shirya karɓa ba, kuma tambaya ɗaya tak da mun yi wa Hajiya ta wadatar. Washegari na kira ta don ta ba tsohuwar haƙuri. Ta ce za ta faɗa mata, sannan ta ƙara da cewa tsohuwar ba ta yi fushi ba. Abin da kawai ta tambayi 'yarta shi ne, ko warin ɗakinta ne ya kori baƙin.