Buroshi Biyu a Cikin Altaneto

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na gyara altaneton motar Kawuna ba.

Lokacin na bar makaranta, na taɓa acaba, na taɓa aski, na yi sati uku a wani gareji a Kafanchan. Sati ukun nan ya sa na cika garinmu Manchok da labarin ni makanike ne.

Kawu yana da tsohuwar bas, batir ba ya caji, kullum sai an tura. Ga shi ran Asabar zai kai zumuntar mata na cocinmu biki a Kagoma. Ya ce, "Injiniya, in ka gyara ta, kai ne direba."

Na kwance altaneto, wato abin da ke ba batir caji, na kira wani mai rewaya, mai gyaran wutar mota, a waya. Ya ce, "Buroshi ne ya cinye. Sayi biyu ka canja." Na ce, "Ai dama na sani."

Ban sani ba. Na leƙa ciki ban ga mai kama da buroshi ba, na ce lallai ya cinye ƙurmus. Na je shago na sayi na goge baki guda biyu, ja da kore, na yanke kawunan, na cusa, na ɗaure. Har da wanke hannu da fetur don a gani.

Asabar muka ari batir, mota ta tashi. Mata suna waƙa, ni ina tuƙi da hannu ɗaya. Ba mu yi rabin hanya ba ta mutu. Iyayena mata cikin anko suka sauko suna turi, Maman zumunta tana haki tana cewa, "Ɗana, haka aka koya maka?"

Kawu ya kira mai rewayan, ya zo a mashin. Ya buɗe, ya zaro jan, ya zaro koren, ya daɗe yana kallona.

"Oga, makilin fa? Ka sa masa?"

Sannan ya fito da ainihin buroshin daga aljihu, wasu baƙaƙen abubuwa biyu kamar guntun gawayi.

Kawu bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya miƙo, na sa masa makulli. A kujerar baya na ƙarasa Kagoma, riƙe da kular shinkafa.

Tun ranar, in ban gane magana ba, sai in ce, "Wane iri?" Kunyar tambaya minti ɗaya ce. Tawa kuwa, har yau matan nan in sun gan ni sai su tambayi lafiyar haƙoran mota.