Ƙofar Guri Ba Ta Samu Alama Ba

Ina cikin auna wani jariri a ƙaramin asibitinmu na Guri wayata ta yi ƙara. Baffa ne, ƙanin mahaifinmu, wanda ba ya kirana sai da dalili. Ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa, sannan ya ce, "Sai haƙuri. Allah ya yi wa Auta rasuwa." Mota ce ta buge shi a kan babur yana dawowa daga Kaugama. Na miƙa wa matar ɗanta. Ban rubuta nauyinsa ba.

Damina ce, ruwa ya cinye hanya. Sai da na shiga kwalekwale, na hau babur, sannan na samu mota. Kafin in isa gida Haɗejiya an riga an kai shi makwancinsa.

Auta ne ya yi karatu mai zurfi a gidanmu. Ni makarantar koyon aikin lafiya na yi, na tsaya. Shi ya karanta kwamfuta, ya samu aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan asibitocin yankinmu. Sun raba mana ƙananan kwamfutocin hannu domin mu riƙa shigar da bayanan awo da buƙatar magani kai tsaye zuwa wata babbar ma'ajiya da yake kira gajimare. Tawa tana aljihun tebur, ba ta fara aiki ba tukuna.

Wata rana a tsakar gidan Inna na tsare shi. Na ce, "Kai, Kaugama suna shiga, Haɗejiya suna shiga, mu ƙauyawa ne aka bari?"

Ya yi dariya, bakinsa cike da soyayyen kifi. "Yaya, ai da ma ku ƙauyawan ne."

Na ɗaga ludayi, ya kare kansa da faranti. Daga nan ya yi mini bayani. Ya ce ma'ajiyar ba ta san ni ba, kuma ba za ta taɓa sanina ba. Kowane yanki yana da nasa mai shaida, wata manhaja da ke riƙe da sunayen ma'aikatan wurin, ita ke cewa wannan tamu ce. Aikinsa shi ne ya gabatar da kowane mai shaida ga ma'ajiyar, sannan ya rataya masa alama: gari kaza, aiki kaza. "Kin ga yadda ake shafa wa buhunan shinkafa fenti a tasha, don direba ya san inda zai sauke? To haka. Mai shaidan da ba shi da alama, ko ya rantse, ba za a buɗe wa mutanensa ƙofa ba."

Na ce to ya shafa mana fentin mana, ai ba sai ya tashi daga kujerarsa ba. Ya ce gaskiya ne, amma shi ba ya haka. Ba ya sa alama sai ya je wurin da ƙafarsa, ya zauna kusa da ma'aikaciya, ya ga ta shiga, ya tabbatar ba ta ganin bayanan matan wani gari. "Ruwa ya ja kawai, zan zo. Ki tanadar mini kifi, ba irin wannan mai ƙaya ba."

Bayan an share makoki wani abokin aikinsa ya zo ta'aziyya. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni ina daga bakin ƙofa. Da aka shafa addu'a ya yi ta juya hularsa a hannu, sannan ya tambaya a hankali ko wayar marigayi ta tsira.

Baffa ya ce, "Ta tsira, ko tsagewa ba ta yi ba. Kuma mun yi masa abin da ya kamata. Na kai ta kasuwa wurin masu gyara, na sa sun wanke ta tas. Yaran yanzu, waƙoƙi ne, hotuna ne. A bar su wani ya riƙa kunnawa alhaki yana bin yaro har kabari? A'a."

Haka ake yi a wurinmu, kuma ƙauna ce ta sa. Baƙon ya mayar da hularsa kansa. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa."

Da na raka shi bakin titi ya gaya mini. A cikin wayar akwai wata manhaja mai fitar da lambobi masu canzawa, kuma sai da su ake shiga wurin da ake sa alama. Auta kaɗai ke da wannan izini. Sun yi maganar a ƙara mutum na biyu, ana ta cewa sai an gama da Guri. Na tambaye shi ko masu gyara za su iya dawo da abin da suka goge. Ya girgiza kai. Ya ce za su rubuta wa kamfanin da ke da ma'ajiyar, can ƙasar waje, amma sai sun kawo hujjoji iri-iri kafin a yarda da su. Na roƙe shi kada maganar ta kai kunnen Baffa. Wayar tana wurin Inna yanzu, a cikin kwanon da take ajiye turare. Ba ta iya kunna ta ba, takan dai fito da ita ta goge da gefen zane.

Na koma bakin aiki. Ruwa ya ja, hanya ta buɗe, motoci suna shigowa har kasuwa. Sauran asibitoci suna tura buƙatarsu da safe a gani nan take. Mu har yanzu a takarda nake rubutawa in ba direba, wani lokaci ta isa, wani lokaci a ce ba a gani ba. Lokacin zazzaɓi maganinmu ya ƙare, na riƙa tura mata masu ciki kemis su saya da kuɗin da babu a hannunsu.

Kullum idan na buɗe asibiti nakan ciro kwamfutar in gwada. Ina sa sunana da kalmar sirri, mai shaidanmu ya karɓa, har ya rubuto mini barka da zuwa da kalmomin da na san Auta ne ya zaɓa. Sai allon ya ɗan yi jim, sannan ma'ajiyar ta ce ba ni da izini. Abokiyar aikina ta ce in daina, ina ƙara wa kaina ciwo ne kawai. Na ce mata to.

Abokin aikin nasa yakan kira jefi-jefi. Kamfanin ya nemi wata takarda, an aika, ya sake neman wata. An ce ƙungiyar ma tana tunanin ko za ta ci gaba da shirin baɗi. Har yau ba a sa wa Guri alama ba.